Daɓen Zamanin Biktoriya: Wanki Ko Kankara?

A Birtaniya akwai masu sana'ar da abincinsu ya rataya kan daɓen gidajen da aka gina a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Mutum zai sayi tsohon gida a Landan ko Manchester, ya yaye kafet ɗin zauren shiga, sai ga tayil ja da baƙi da ruwan ƙasa, an jera su daki-daki, sun shekara da shekaru a binne cikin gam da dauɗa. Sai a kira mai gyara. Iyakar inda hannun mai gyaran ya kamata ya tsaya, nan ne masu adana kayan tarihi da 'yan kasuwar wanki suka raba gari.

Tayil ɗin iri biyu ne. Akwai ƙananan yanka masu launi ɗaya, wasu murabba'i wasu alwatika, waɗanda jerin su ne ke fitar da ado. Akwai kuma mai tsada, wanda ake danna zane a jikin ɗanyen yumɓu, a cike gurbin da yumɓu mai wani launi, a share saman, sannan a gasa. Zanen nan ba fenti ba ne, a cikin jikin tayil ɗin yake, shi ya sa yake jure takun ƙafa. Majami'un Ingila sun yi amfani da irinsa tun ƙarni na 13, sana'ar ta mutu, sai a 1830 Samuel Wright ya yi rajistar wata hanyar yin sa, Herbert Minton na Stoke-on-Trent ya ɗauke ta ya mai da ita kasuwa. A 1840 Richard Prosser ya fito da dabarar matse busasshen garin yumɓu da inji, wadda ta sa ƙananan tayil suka yi araha. Minton ne ya yi daɓen Majalisar Dokokin Birtaniya bisa zanen Augustus Pugin, kayansa suka kai har ginin majalisar Amurka. Kamfanonin Maw da Craven Dunnill suka bi sahu, har ta kai ƙaramin akawu ma yana da irin nasa a bakin ƙofa.

Asalin matsalar tana ƙarƙashi. Yawancin tayil ɗin ba su da gilashin sama, kuma an ɗora su ne kan kwaɓin farar ƙasa, babu wata leda da ke tare danshi. Laimar ƙasa takan hau ta ratsa su ta bi iska, daɓen ya zauna lafiya. Daga baya aka daina yayinsu, aka riƙa ganin su a matsayin tarkacen kakanni. Aka liƙa musu ledar ɗaki da baƙin gam mai kwalta, aka kafa ƙusoshin kafet a jikinsu, masu saka bututun ɗumama ɗaki suka farke su suka cike ramin da siminti. Duk wanda ya ga abin da shafen siminti ke yi wa ginin ƙasa ya san sauran labarin: danshi ya rasa mafita, ya taru a ciki, ya ci abin da ke riƙe da ginin.

Ƙwararren mai gyara a durƙushe yake aikinsa. Yakan fara da ɗan lungu bayan ƙofa ya gwada magani, ya ga yadda yumɓun zai karɓa. Yana ɗaye gam da wuƙar kankara a kwance, don kada ta ci baki. Ruwa kaɗan yake zubawa, da sabulu marar kaifi da burushi mai laushi, ya zuƙe ruwan nan take kafin ya nutse. Sai ya bar wurin ya sha iska. Bayan 'yan kwanaki wani farin gari zai feso a saman tayil: gishirin da danshi ya kwaso ne daga ƙasa. Sharewa ake yi a bushe, domin in an wanke, narkewa zai yi ya koma inda ya fito. Shi kuwa baƙin gam ɗin nan, wani yana ɗauke da asbestos, wanda sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya, don haka mai hankali yakan sa a gwada kafin ya tayar da ƙura.

Wannan hanya tana cin lokaci, kuma ba ta ba da hoton talla mai ɗaukar ido. Abin da ke sayuwa shi ne hoto biyu gefe da gefe, ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya yana walƙiya. Don a samu na biyun sai a kwarara asid, wanda ke cinye farar ƙasar da ke tsakanin tayil, ko a bi daɓen da injin gurza. Injin yana cire dauɗa, amma da ita yake tafiya da ɓawon saman da wuta ta ƙona ya yi tauri. Abin da ya rage ya fi shan datti fiye da da. A ƙarshe a shafe shi da mai mai ƙyalli da ke toshe ƙofofin yumɓu. A ganina wannan ledar ɗaki ce kawai aka mayar, sai dai ita ana hango tayil ta cikinta. Masu adana tarihi sun fi yarda da ɗan siririn kaki, ko maganin da ke nutsewa ya bar danshi ya fita.

Abin dariya a nan shi ne, tayil ɗin da ake lallaɓawa yau su ne ɓarnar jiya. Magina irin su George Gilbert Scott sun tone tsofaffin daɓen majami'u suka shimfiɗa sababbin tayil da sunan gyara, kuma irin wannan aiki ne ya fusata William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. Sai a 1958 aka kafa ƙungiyar Victorian Society don kare kayan zamanin Biktoriya kansa. Ƙa'idar Morris, cewa a gyara abin da ya lalace a bar tsufa a wurinsa, yanzu ita ke kare abin da ya tsana.

Ƙa'idar ma tana da iyaka. A St George's Hall na Liverpool an rufe daɓen Minton mai tayil kusan 30,000 da katako tun shekarun 1860, sai jefi-jefi ake buɗe shi, launinsa garau. Amma gidan da mutane ke kwana a ciki ba zai yi haka ba, majalisa ma ba za ta yi ba. A Westminster, inda majalisar take, takun ƙafa ya cinye zanen wasu tayil har ya kai ga tsuran yumɓun ƙasa, dole aka sa Craven Dunnill da ke Jackfield ya yi sababbi bisa tsohon zane. Mai ƙaramin gida kuwa yakan bi wuraren sayar da kayan rusau yana neman ja mai inci shida da zai dace da nasa, ko ya ciro lafiyayyu daga ƙarƙashin matakala, inda ba mai gani, ya cike giɓin tsakiyar zaure, ya tura sababbin can lungu.