Idan Hoto Ya Tsaya, Baki Ya Ci Gaba

Wayar hannu guda, fawa bank da yaro mai baki: da waɗannan ake kai wasan ƙwallon makaranta gaban yayan da yake ci-rani a Legas. Tun da Facebook ya buɗe wa kowa watsa bidiyo kai-tsaye a 2016, aikin da a da sai gidan talabijin ya koma abin da 'yan sakandare uku za su iya. Sai dai duk wanda ya san halin sabis daga Ƙaura Namoda zuwa Dauran da Zurmi, ko ta wajen Shinkafi, ya san sai an haɗa da dabara.

Mai riƙe da waya yakan nemi tsakiyar fili, ya hau benci, ya ba rana baya, ya kwantar da wayar a kwance don fili ya shiga sosai. Ba ya yawan jawo hoto kusa, domin yana dagulewa, ƙwallo kuma ta ɓace. Kafin a busa usur ya toshe kira, saboda kira guda yana iya katse watsawar ana tsakiyar bugun fenariti. A hunturu ana sanya wa makirfo ɗan soso don iska; a bazara kuwa zafi ne abokin gaba, sai an yi wa wayar inuwa, in ba haka ba ta ɗau zafi ta daina. Data ma ba wasa ba, awa guda na iya cinye kusan giga ɗaya, shi ya sa ake karo-karo.

Gwanintar da ta fi burge ni tana wajen mai sharhi. Idan sabis ya yi rauni, hoto ne yake fara daskarewa, murya takan ɗan jure. A nan yaron yake komawa ma'aikacin rediyo, irin masu sharhin da ake ji a BBC Hausa. Dole mai sauraro ya san abu uku a kowane lokaci: ƙwallo tana ina, tana ƙafar wa, nawa da nawa ake. Gwani yana maimaita ci da minti a kai a kai, don ya san yanzun nan wani ya shigo, wani kuma sabis ya jefar da shi ya dawo. Ba ya ihu tun ƙwallo tana tsakiya. Yana tara muryarsa, tana hawa yadda hari yake matsowa, ta yadda ko ba ka ga komai ba za ka ji an yanke ɗan baya. Idan ta shiga raga sai ya saki, sannan ya yi shiru kaɗan ya bar sowar fili ta shiga waya.

Ga kuma wahalar da ta fi ta masu sharhin Firimiya. Su 'yan wasansu suna da lamba da suna a bayan riga. Shi kuwa rigunan rabi babu lamba, ƙura ta turnuƙe, layin fili da toka aka ja shi. Da tafiya yake gane ɗan wasa, ko da kalar takalmi, ko da cewa wancan ne mai buga hagu. Kuma 'yan ajinsu ne, gobe tare za su zauna, don haka idan gola ya yi ɓaranɓarama sai ya faɗi abin da ya faru ba tare da ya tozarta shi ba. Wannan ladabi ne da manya da yawa ba su iya ba.

A Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, babu wanda ya isa ya watsa komai. Hanyar da ta rage a irin wannan hali ita ce a naɗi wasan da sharhinsa, a tura daga waya zuwa waya.

Na ukun yaran, bayan mai waya da mai sharhi, ba a jin muryarsa. Yana gefe da biro da takarda, yana rubuta wanda ya ci da mintin da ya ci, yana raɗa wa mai sharhi sunan wanda aka sako canji. Idan gardama ta tashi bayan an tashi wasa, takardarsa ake nema.