Daga Launi 56 Zuwa Miliyan 16: Me Ya Sa Jadawalinka Ke Ruɗa Mutane Har Yanzu?

Idan ka taɓa shirya jadawali a Excel ko Google Sheets, ka san ɗan bokitin fentin nan da ke sama. Ka zaɓi akwati, ka danna bokitin, launuka su jeru, amma wanda kake so ba ya ciki. Kana neman kore mai sanyi da rubutu zai fito a kansa, sun ba ka kore shar mai kashe ido. Ƙorafin ya daɗe, kuma masu yin sa suna da gaskiya. Sai dai maganin da kamfanonin suka kawo rabin ciwon ya warkar, ya bar rabin da ya fi haɗari.

Zamanin gwangwani 56

Daga Excel 97 har zuwa Excel 2003, kowane fayil launi 56 kacal yake iya ɗauka. Guda 40 ne ke fitowa a ƙarƙashin bokitin, sauran 16 an ware su domin zanen alƙaluma. Ka ɗauke su kamar gwangwanayen fenti 56, kowanne da lambarsa. Akwatin da ka shafa ba launin yake riƙewa ba, lambar gwangwanin yake riƙewa.

In kana son launin kanka, dole ka shiga saitin fayil ɗin ka zubar da fentin gwangwani guda, ka zuba naka. Nan take duk akwatin da aka taɓa shafawa daga wannan gwangwani zai rikiɗe, har wanda ke shafin da ka manta da shi. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. In kuma ka kwafi jadawalin zuwa wani fayil, sai ya ɗauki fentin gwangwanayen can. Abin da ya bar hannunka ruwan goro, ya isa hannun abokin aikinka da wani launi dabam.

Yadda ake haɗa launi yanzu

Excel 2007 ne ya buɗe ƙofa. Allon kwamfuta yana haɗa kowane launi ne daga haske uku: ja, kore da shuɗi. Ba da ka aka zaɓi ukun ba. Idon ɗan Adam yana da nau'i uku na ƙwayoyin gane launi. Kowane haske yana da matakai 256, daga 0 zuwa 255. Ka ninka 256 sau 256 sau 256, za ka samu 16,777,216. Nan ne miliyan 16 ɗin ta fito.

Don haka yau, a Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc, akwai wurin neman ƙarin launuka a cikin bokitin. Za ka iya rubuta lambobi uku, ko lambar launi mai gurbi shida: FF0000 ja ne zalla, FFFFFF fari, 000000 baƙi. Wannan ci gaba ne na gaske, ba na musu.

Amma ka lura da wani abu. Jerin launukan da Excel ke fara nuna maka, guda 60 ɗin nan na sama, na salon fayil ne, kuma su ma da matsayi ake ajiye su. Ka sauya salon, ko ka kai jadawalin fayil mai wani salo, launukan su sauya. A 2023 Microsoft ta fara sauya salon da manhajojinta ke zuwa da shi, har da launukansa. Tsohon ciwo ne ya sake riga, kuma bokitin ba ya gargaɗinka.

Inda gizo ke saƙa

Babban laifin tsarin shi ne ya sa shafa launi ya fi rubuta bayani sauƙi. A ce kai ne ma'ajin wata ƙungiya. Wanda ya biya kuɗin wata ka shafa masa kore, wanda bai biya ba ja, mai rabin biya rawaya. Jadawali ya yi kyau, kowa ya yaba. To yanzu ka ce wa kwamfuta ta haɗa maka kuɗin duk masu kore. Dabarun lissafin yau da kullum irin su SUMIF abin da ke rubuce a akwati suke karantawa. Ina ruwansu da fenti? Za ka iya tace layuka da launi, gaskiya ne, amma wannan aikin hannu ne da za ka riƙa maimaitawa kullum.

Mu masu bincike mun fi kowa shan wannan wahala. Ka ajiye fayil a tsarin CSV domin kai shi manhajar nazarin alƙaluma, launi gaba ɗaya ya tafi, domin CSV rubutu kawai yake ɗauka. In da ja ka yi wa samfuran da kake shakkar sakamakonsu alama, yanzu sun saje da masu kyau, kuma babu saƙon da zai faɗa maka an yi asara. Shi ya sa Karl Broman da Kara Woo, a maƙalarsu ta 2018 a mujallar The American Statistician kan tsara bayanai a jadawali, suka gargaɗi masu bincike da kada su mai da launi ma'ajiyar bayani. Shawararsu ita ce a buɗe wa bayanin layinsa na musamman.

Ba kowane ido ne irin naka ba

Tun 1794 masanin kimiyyar nan na Ingila, John Dalton, ya bayyana cewa ba ya ganin launuka yadda sauran mutane ke gani. Matsalar da ta fi yawa ita ce kasa bambance ja da kore, kuma ta fi kama maza, domin ƙwayoyin gadon da ke da alhakinta suna kan kuromosom X ne, wanda namiji ke da guda ɗaya tal. A tsakanin Turawan arewacin Turai, kusan namiji 1 cikin 12 ne ke da ita. Ka ga ja da koren da ma'ajinmu ya zaɓa su ne mafi munin haɗi. Ko mai lafiyar ido ma, in aka buga jadawalin a firinta mai baƙi da fari, ja da kore na iya komawa toka iri ɗaya. Launi miliyan 16 bai gyara wannan ba. Ƙofofin kuskure ya ƙara.

To me za ka yi?

Ka fara da rubutu. Buɗe layi na musamman ka rubuta "ya biya", "bai biya ba", "rabi". Sannan ka sa wa manhajar sharaɗi ta shafa launin da kanta bisa abin da ke rubuce. Ko launin ya ɓace, bayaninka na nan.

Ka taƙaita launukan da kanka: uku ko huɗu sun isa. Masu bincike biyu na Japan, Masataka Okabe da Kei Ito, sun tsara launuka 8 da masu matsalar bambance launi ke iya rarrabewa; ciki akwai ruwan goro E69F00 da shuɗi mai haske 56B4E9. Ka rubuta lambar da hannunka maimakon ɗauka daga jerin salon, sai launin ya tsaya daram duk inda fayil ya je a manhajojin zamani. Ka kuma ajiye ɗan bayani a gefe kan ma'anar kowane launi.

Kafin ka tura wa kowa, yi wannan gwaji: kwafi jadawalin, goge duk launukan, ka karanta. In akwai abin da ka daina ganewa, to ba ka gama rubuta shi ba tukuna.