Tarke a kan Gidan Abinci na La Tour d'Argent Bayan Gyaran 2023

A bakin kogin Sen, daura da majami'ar Notre-Dame a birnin Faris, akwai gidan abinci mai suna La Tour d'Argent, wato Hasumiyar Azurfa. An rufe shi a 2022 domin gyara, aka sake buɗe shi a ƙarshen watan Agusta na 2023. Wannan takarda za ta duba abin da mai komawa gidan zai tarar, da kuma abin da ya shafi Bahaushe Musulmi idan aka gayyace shi can.

Masu gidan suna cewa an kafa shi a 1582, har ma suna ba da labarin cewa a nan Sarki Henri na Uku ya fara ganin cokali mai yatsu. Babu wata takarda ta wancan zamani da ta tabbatar da haka. Bugu da ƙari, masaniyar tarihi Rebecca Spang ta nuna a littafinta na 2000 cewa gidan abinci irin wanda aka sani yanzu, mai tebur na kowa daban da takardar zaɓen abinci, sai a wajejen 1760 ya bayyana a Faris. Ita kanta kalmar da Faransawa suke kiran gidan abinci da ita, asalinta sunan wani romo ne da ake ba marar lafiya don ƙarfinsa ya dawo. Saboda haka 1582 ta fi kama da kirari, kuma ba a neman shaida ga maroƙi.

Frédéric Delair ne a 1890 ya fara ba kowace agwagwa lamba, ana rubuta ta a kati a miƙa wa wanda ya ci. Agwagwa ta miliyan ɗaya an ci ta a 2003. Iyalan Terrail ne suke riƙe da gidan tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya: André, sai ɗansa Claude daga 1947 har ya rasu a 2006, sai jikan, shi ma André.

Ga yadda ake haɗa agwagwar. Ana ɗan gasa ta kaɗan, cikin yana nan ja, sai a yanka tsokar ƙirjin falle-falle, a cire cinyoyin a mayar da su wuta, domin daga baya ake kawo su. Sauran gangar jikin, ƙashi da komai, ana sa shi cikin wata matsa ta azurfa a murɗa har jini da ruwan ɓargo su tsiyayo. Wannan ruwa ake haɗawa da hanta da barasa iri biyu, a yi ta motsawa a kan wuta har ya yi kauri ya yi duhu. A gaban baƙi ake yin yawancin aikin. Gwaninta ce ta gaske, domin da wuta ta ɗan yi yawa jinin zai guda, miyar ta lalace. Sai dai miya ce mai nauyi, irin ta ƙarni na 19, kuma tun daga 1973, lokacin da Henri Gault da Christian Millau suka yayata sabon salon girki mai sauƙin miya, bakin masu tarken Faransa ya juya mata baya sannu a hankali. Kundin Michelin, na kamfanin tayar nan, ya ba gidan taurari uku a 1933, ya zare ɗaya a 1996, ya sake zare ɗaya a 2006. A kundin 2024, bayan duk kuɗin da gyaran ya ci, tauraro ɗaya yake da shi.

Gyaran ya yi kyau inda ya taɓa. An buɗe ɗakin girki yadda mai ci a hawa na shida zai ga masu aiki, tagogi kuma suna nan suna kallon Notre-Dame, wadda ta yi gobara a 2019 aka sake buɗe ta a Disamba 2024. Amma agwagwar ba ta canja ba, kuma ba za ta iya canjawa ba, tunda ita da katinta ake zuwa nema. Gidan ya zama bawan lambar da ya ƙirƙira.

Ga Bahaushe, ko na Maraɗi ne ko na unguwar Mahdiya a Sabha, maganar ta wuce ɗanɗano. Agwagwar da ake wannan girki da ita ba a yanka ta. Shaƙe ta ake yi don kada jinin ya fita daga jiki. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta jini, ta haramta dabbar da aka shaƙe, ga kuma barasa a cikin miyar. Haramci uku ke nan a faranti ɗaya, kuma takardar abincin ba za ta faɗa masa na biyun ba. Rumbun giyar gidan, mai kwalabe wajen 300,000, wanda aka toshe sashensa da bango a 1940 don ɓoye wa sojojin Jamus, shi ma ba nasa ba ne. Abin da ya rage masa shi ne kifi, musamman curin niƙaƙƙen kifin nan da ake kira da sunan André Terrail, shi ma sai ya tambayi mai hidima abin da aka zuba a miyarsa kafin ya sa cokali.