Kyanwar Lami: Labarin Bin Diddigi na Cikin Gida a Ma'aunin Zango

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rassan ƙagaggen labari da ba su yi yaɗo sosai ba a rubutun zube na Hausa akwai labarin bin diddigi, wato wanda ake ƙulla shi a kan wani laifi da aka aikata a ɓoye, sannan a bi sawu har a gano mai laifin. Wannan reshe yana da 'ya'ya da yawa. Wanda wannan takarda za ta duba shi ne wanda masu Ingilishi ke kira “cozy”, kalmar da ke nufin ɗumi da kwanciyar hankali irin na wanda ya shige ɗaki lokacin hunturu. Domin sauƙin nazari, a nan za a kira shi labarin bin diddigi na cikin gida. Siffofinsa sanannu ne: ƙaramin gari, da tauraruwa wadda ba 'yar sanda ba ce, da sana'ar toye-toye, da kyanwa ko kare a gefe. Ana kisa a cikinsa, amma ba a nuna jini, ba batsa, ba ashar. Kyanwar Lami ke nan, ba cizo ba yakushi.

Manufar takardar ita ce ta auna wannan nau'in labari da rayuwar zango, wato unguwannin fatake da baƙi da Hausawa suka zauna a cikinsu a ƙasashen Afirka ta Yamma, tare da ɗaukar misali daga birnin Wagadugu na ƙasar Burkina Faso. Za a ga cewa zango yana da kusan duk kayan haɗin da marubuci ke bukata, sai dai tukunyar tana ƙin nuna a wurare biyu: matsayin mai binciken a idon jama'a, da kuma yadda ake rufe labarin.

2.0 Zubi da Tsari

A shekarar 1966 masanin adabi Tzvetan Todorov ya nuna cewa labarin bin diddigi labari biyu ne a cikin littafi ɗaya. Na farko shi ne labarin laifin, wanda ya riga ya auku a bayan idon mai karatu. Na biyu shi ne labarin binciken, wanda aikinsa kawai shi ne ya tono na farkon. Todorov ya ƙara da cewa a irin wannan tsari mai binciken yana da kariya, ba a kashe shi, ba a nakasa shi. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan batu na kariya, domin za a sake bukatarsa a gaba.

Uwar wannan reshe ita ce Miss Marple, tsohuwar da marubuciya Agatha Christie ta Ingila ta ƙirƙira, wadda littafinta na farko, The Murder at the Vicarage, ya fito a 1930. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauyen St Mary Mead, tana saƙa, tana kula da lambunta, tana kallon masu wucewa. Hanyar bincikenta ita ce kwatance: duk wanda ta gani sai ta tuna wani ɗan ƙauyensu mai irin halinsa, ta auna wannan da wancan. 'Yan sanda suna raina ta, masu laifi ma haka, kuma rainin nan shi ne makaminta.

Abinci da dabbobi sun shigo da ƙarfinsu ne daga Amurka. Lilian Jackson Braun ta fara jerin littattafanta masu kyanwa a 1966. Diane Mott Davidson ta fito da tauraruwa mai dafa abincin biki a 1990, tare da bayanin girki a cikin littafin. Joanne Fluke kuwa ta haɗa duka biyun a Chocolate Chip Cookie Murder na shekarar 2000. Tauraruwarta Hannah Swensen tana da shagon biskit a wani ƙagaggen gari mai suna Lake Eden a jihar Minnesota. Wata safiya ta iske mai kawo madara an harbe shi a lungun bayan shagonta, ga biskit ɗinta warwatse kusa da shi. Mijin ƙanwarta ɗan sanda ne, shi ya nemi ta taya shi saurare. A gida kuma tana da kyanwa mai ido ɗaya. Tsakanin babi da babi sai marubuciyar ta tsaya ta koya wa mai karatu yadda ake kwaɓa biskit.

Mai nazari zai iya ɗaukar wannan tsayawa a matsayin ado, amma tana da aiki a cikin tsarin. Bayanin girkin yana sassauta fargaba, yana tuna wa mai karatu cewa duniya tana nan daram ko da an yi kisa. Sana'ar kuma ita ce ke ba tauraruwa izinin shiga. Ɗan sanda idan ya ƙwanƙwasa ƙofa mutane kan kama bakinsu, amma wadda ta shigo da faranti a hannu sai a ba ta kujera a hau hira. Rauninsa kuma a fili yake. Tun 1944 Raymond Chandler ya soki irin wannan labari na Ingila da cewa kisan da ke cikinsa ba irin na mutanen gaske ba ne, dabara ce kawai ta samar da gawa. Sukar ta fi kama jerin littattafan zamani, inda ƙaramin gari ɗaya kan yi gawa sama da ashirin, mutanensa kuma ba su fasa cin kek ba.

3.0 Mai Abinci a Matsayin Tauraruwa

Idan aka ɗauki unguwa irin Dasasgo da ke gabashin Wagadugu, inda gidan tarihi na ƙasa yake, ko wani zango a Kumasi ko Yamai, ba za a sha wahalar samun takwarar Hannah ba. Mai masa ko mai ƙosai da ke kafa kasko a bakin titi tun asuba ta san wanda ya fito masallaci da wanda bai kwana gida ba. Ta san gidan da aka rage cefane, domin yaron da ya saba sayen na mutum shida yau na mutum uku ya saya. Ta san mai bashi da mai biya. Wadda ke cikin kulle ma ba a bar ta a baya ba. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda matan aure ke tafiyar da ciniki daga cikin gida ta hannun yara 'yan talla, kuma yaran nan labari suke kaiwa da komowa tare da kuɗin ciniki. Sai kuma dillaliya, wadda ke shiga har ƙuryar ɗaki, ta san matar da ta sayar da zobenta a asirce. A wajen samun izinin shiga, dillaliya ta fi Miss Marple nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce adabin Hausa ya riga ya san wannan mace, kuma ya riga ya yanke mata hukunci. A tatsuniya, tsohuwar da ta shiga gida ɗiban wuta ta ga abin da aka ɓoye, ta garzaya fada ta faɗa wa Sarki, ita ce mafarin fitina. Mai sauraro ba ya tare da ita. Sunayen da harshen ya tanadar wa aikinta ma sun isa shaida: gulma, tsegumi, annamimanci, sa ido, shisshigi, tonon silili. A ɗaya ɓangaren kuma, babbar addu'ar da Bahaushe ke yi wa kansa da ɗan uwansa ita ce rufin asiri, ga kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin al'amuran mutane. Saboda haka marubucin da ya ɗauko Miss Marple ya sa mata zane da kallabi, ba tare da ya yi wani aiki ba, magulmaciya zai haifa, kuma mai karatu zai jira ya ga ranar da za ta ji kunya.

Wannan shi ne ƙullin da marubuci zai fara kwancewa. Dole a ba tauraruwar hujjar da al'umma ta yarda da ita. Wanke wanda aka zalunta hujja ce, misali 'yar tallarta da aka ɗora wa satar da ba ta yi ba. Amana ma hujja ce, kuma zango ya ginu ne a kanta, tun zamanin da fatoma ke ajiye wa falke kaya da kuɗi. Wani ƙaramin cikas kuma shi ne hanyar gano ɓarawo. Ƙa'idojin da Ronald Knox ya tsara wa wannan nau'i a 1929 sun hana shigo da gaibu cikin warwarar labari, alhali mai karatun Hausa ya saba ganin an tafi wajen mai bugun ƙasa ko an ɗauko rantsuwa da zarar an yi sata. Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fuskanci irin wannan a Mzimu wa Watu wa Kale, littafin Suwahili da ya fito a 1960. Ya ajiye gawar a wurin da mutane ke tsoron iskoki, sannan ya bar tauraronsa Bwana Msa ya warware komai da lura da hankali.

4.0 Dabbar Gida

A nan magana ba ta da tsawo. Kare a gidan Bahaushe na gadi ne ko na farauta, da wuya mai karatu ya amince da tauraruwa mai kwana da shi a ɗaki. Kyanwa tana da mutunci, amma ba ta kai abokiyar shawara ba. Dabbar da adabin Hausa ya riga ya ba wannan kujera ita ce aku. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, aku ne ya tsare Musa ɗan Sarki da labarai har makircin Waziri ya rushe, daga baya aka naɗa shi Waziri. Sai dai akun Imam yana magana da tunani irin na mutum, abin da ƙa'idar Knox ba za ta lamunta ba. Akun da ke maimaita abin da ya ji kawai, ba tare da ya san ma'anarsa ba, shi ne zai yi wa labarin bincike amfani.

5.0 Rufewar Labari

Labarin bin diddigi na cikin gida yana ƙarewa ne da tara mutane a ɗaki, a faɗi sunan mai laifi, ɗan sanda ya tafi da shi, gari ya koma yadda yake. Wannan rufewa tana tsaye a kan zato biyu: cewa garin zai dawwama, kuma cewa da zarar gaskiya ta fito hukuma za ta yi aiki da ita. Tarihin Wagadugu na kusa ya girgiza duka biyun.

Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar birnin, an rushe ta a 2003 tare da wasu unguwanni maƙwabta domin shirin gine-ginen kasuwanci da ake kira ZACA, aka mayar da dubban mutane wasu filaye a gefen gari. Sanin da mai masa ta tara na shekara talatin game da maƙwabtanta ya watse tare da su. St Mary Mead ba a taɓa rushe ta an watsa mutanenta ba.

Zato na biyu ya fi nauyi. Norbert Zongo (sunan iyali ne na Mosawa, kada ɗalibi ya rikita shi da zango) ɗan jarida ne, shugaban jaridar mako-mako ta L'Indépendant, kuma marubucin ƙagaggen labari, domin shi ya rubuta Le Parachutage a 1988. Abin da ya bi diddiginsa ya faro ne kamar labarin cikin gida: an yi ƙarar ɓatan kuɗi a gidan François Compaoré, ƙanen shugaban ƙasa na lokacin, aka zargi ma'aikatan gidan. Direba David Ouédraogo ya mutu a hannun dogarawan fadar shugaban ƙasa a watan Janairun 1998. Zongo ya yi ta tambaya a jaridarsa. Ranar 13 ga Disamba 1998 aka tsinci gawarsa da ta abokan tafiyarsa uku a ƙone kusa da Sapouy. A 2006 kotu ta sallami mutum ɗaya tilo da aka tuhuma, sai a 2014 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta yanke cewa hukumomin Burkina Faso sun yi sakaci wajen binciken. Kariyar da Todorov ya ambata ba ta ƙetare bangon littafi ba. Mai karatu a Dasasgo ya san wannan tarihi, kuma zai auna ƙarshen kowane labari da shi. Ba mamaki shi ya sa marubutan yankin da suka shiga fagen, irin su Moussa Konaté na Mali da Kwamishina Habib ɗinsa, suka gwammace tauraro mai kaki, suka kuma sa shi kokawa da manya.

Akwai wata hanyar rufewa da ta fi kusa da zango. A The No. 1 Ladies' Detective Agency na Alexander McCall Smith, wanda ya fito a 1998, Mma Ramotswe ta Botswana ta sayar da shanun gadonta ta buɗe ofishin bincike a Gaborone. Yawancin abin da ake kawo mata ba kisa ba ne: miji da ya ɓace, baƙon da ya zo yana cewa shi ne uban wata, motar sata. Sau da yawa ba ta kai kowa gaban 'yan sanda, takan sa a mayar da haƙƙi ne a rabu. An soki littafin da cewa Bature ne ya zana Afirka mai laushi domin Turawa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka tsarinsa ya dace da wurin da ake kashe magana a zauren Sarkin Zango ko gaban liman. A irin wannan rufewa mutum uku ko huɗu ne kawai za su san sunan ɓarawon, na biyar ɗinsu mai karatu. Kuɗin zai koma hannun mai shi ta hannun dillaliya, a ce an tsince shi a ƙarƙashin gado, 'yar talla kuma ta sake ɗaukar farantinta washegari.