Kalmar Yaro, Harshen Wani: Sharhi a kan Aikin Sylvia Ashton-Warner

A shekarar 1963 aka buga wani littafi mai suna Teacher a birnin New York, wanda Sylvia Ashton-Warner (1908–1984), malamar firamare 'yar ƙasar Niyu Zilan, ta rubuta. Littafin bai bi tsarin littattafan horar da malamai da aka saba gani ba. Wani sashe bayanin dabarar koyarwa ne, wani kuma labarin rayuwar aji ne kamar yadda take gudana, da hayaniya da koke-koke da tsegumi. Ta tattaro shi ne daga shekarun da ta yi, tun daga 1938, tana karantar da 'ya'yan Maori, wato 'yan asalin ƙasar, a makarantun karkara tare da mijinta Keith Henderson.

Abin da ya dame ta shi ne littattafan fara karatu na wancan zamani, irin su Janet and John, masu ɗauke da rayuwar yaran Turawa tsaf-tsaf, waɗanda ba sa faɗa, ba sa tsoro, ba sa kwana da yunwa. Sai ta juya lamarin. Kowace safiya takan tambayi yaro ɗan shekara biyar wace kalma yake so, ta rubuta masa ita da manyan baƙaƙe a kan kati mai kauri, ya bi ta da yatsa, ya yini da ita a hannu. Washegari a zube katunan a kan tabarma, kowa ya tsinci nasa. Katin da mai shi ya kasa ganewa sai a jefar, domin a ganinta wannan shaida ce cewa kalmar ba daga zuciyarsa ta fito ba. Kalmomin da suka fi kama zukatan yaran su ne uwa, uba, fatalwa, sumba, wuƙa, ɗan sanda. Yaron da ya yi makonni yana tuntuɓe a kan kalmar littafi mai harafi uku, sai ga shi ya riƙe doguwar kalma da kallo ɗaya, saboda tsoronsa ko ƙaunarsa na cikinta.

A nan ƙarfin littafin yake, kuma ban ga abin da ya rage masa daraja ba bayan shekara sittin. Ta nuna cewa yaro ba ya zuwa makaranta da ƙoƙon kai fayau; yana zuwa da duniyarsa, kuma karatu ya fi saurin kama shi idan ya fara ganin wannan duniyar a rubuce. Duk wanda ya taɓa jin yaran ajin farko a garuruwanmu suna rera sunan tuffa da Turanci, alhali gwanda da goruba suka sani, zai gane ciwon da take magana a kai.

Sai dai akwai giɓi a dabarar. Yaron yana haddace katin ne a dunƙule, kamar yadda yake gane fuskar maƙwabci, kuma littafin bai ba da muhimmanci ga alaƙar harafi da sauti ba. Shekara huɗu bayan fitowarsa, Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta bi diddigin binciken da aka yi a fannin, ta kammala da cewa yaran da aka koya wa sautin haruffa da wuri sun fi samun gindin zama. Kalmar zuciya tana buɗe ƙofa, amma ba ta koya wa yaro yadda zai warware kalmar da bai taɓa gani ba.

Babban ƙorafina, duk da haka, a kan harshe yake. Kalmomin da ta rubuta a katunan, galibinsu na Ingilishi ne. Tun daga dokar makarantun 'yan ƙasa ta 1867 aka ɗora karatun yaran Maori a kan Ingilishi, kuma dattawa da yawa sun ba da shaidar dukan da suka sha don sun yi harshensu a harabar makaranta. Ashton-Warner ta yi aiki a cikin wannan tsari, kuma ta ɗauki dabararta a matsayin gada daga wata al'ada zuwa wata. To amma gadar gefe guda take kaiwa. Ta tambayi yaron abin da yake tsoro, ba ta tsaya kan tambayar da ta fi nauyi ba: da wane harshe kakarsa ta fara ambata masa abin tsoron? Ana iya kare ta da cewa yawancin ɗalibanta sun riga sun iya Ingilishi kafin su zo gare ta. Gaskiya ne, sai dai wannan iyawar ita kanta tabon dokar ce, kuma marubuciyar da ta ga abin da jami'an ilimi suka kasa gani game da zuciyar yaro, da wuya a yi mata uzurin makanta a nan.

Akwai kuma yadda ta zana kanta a matsayin gwarzuwar da hukuma ta juya wa baya. Tarihin rayuwarta da Lynley Hood ta wallafa a 1988 ya nuna cewa labarin bai miƙe haka ba, domin tun a tsakiyar shekarun 1950 wata mujallar malamai ta ƙasar ta buga bayanin dabarar tata. Wannan bai dame ni sosai ba. Mawallafiyar ƙagaggen labari ce, kuma hannunta ya saba da ƙarin gishiri.

Amsar tambayar harshe daga Maori ɗin kansu ta fito. A 1982, shekara biyu kafin rasuwarta, suka buɗe gidan renon yara na farko da suke kira kōhanga reo, ma'ana sheƙar harshe, inda tsofaffi ke zama da ƙananan yara ba a magana sai da Maori. A 1987 majalisar ƙasar ta amince da harshen a matsayin na hukuma.