Bindigar toka ta yawaita, masu saninta sun ragu

A ƙauyukan Wanke da na Tsafe da Bungudu, ba abin mamaki ba ne yanzu ka ga matashi ya nufi gona da fartanya a kafaɗa ɗaya, bindigar toka a ɗayar. Ba na ganin laifinsa. Wanda aka kore wa shanu, aka ɗauke masa ɗan'uwa a hanyar Magami, ba ka da bakin ce masa ya tafi daji hannu rabbana. Damuwata ita ce ya sayi bindigar, amma babu wanda ya koya masa ita.

A da, harbi sana'a ce mai ubangida. Yaro zai daɗe yana bin maharbi, yana ɗaukar masa jaka da gorar ruwa, kafin a yarda ya taɓa kunama. A wannan biyon ne yake gane cewa kowace bindiga da ma'aunin albarushinta, kuma ba a ƙetare shi ko da giwa aka gani. Yana ganin yadda ubangidansa ke murza albarushi a yatsu kafin ya saya, don ya ji ko ya sha raɓa, da yadda yake ɓoye shi da damina nesa da murhu, nesa da yara. Bayan an dawo gida, kafin a ci tuwo, sai an wanke bututun da ruwan zafi, an busar, an shafa mai, domin baƙin da albarushi ke bari yana jawo danshi, danshi ya kawo tsatsa, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. In an ja kunama ta ƙi tashi, maharbi ba ya leƙa bakinta. Yana kawar da ita daga mutane ya jira, don ya san wuta kan yi jinkiri sannan ta kama.

Saiti ma haka. Hannu ne ya ƙera su, saboda haka babu biyu masu hali ɗaya: wata tana jefawa hagu, wata ƙasa. Mai ita zai yi ta gwada ta a jikin kututture har ya san halinta, abin da ya gagara ya mayar wa maƙeri. Kuma ya san ba ta kai nesa, shi ya sa yake ɗaura burtu a ka, ya yi rarrafe har ya kusanci zabin daji.

Yau gaggawa ta cinye duk wannan. Masu saye sun yi wa maƙera yawa, wasunsu sai su kama kowane bututu su sa masa ƙota. Yaro kuma ya ɗauka yawan albarushi shi ne ƙarfi. Mafi muni, akwai masu zuba garin harsashin zamani a cikinta, alhali ƙarfinsa ya ninka abin da bututun zai iya ɗauka. In ya fashe, yatsu da idon mai harbin yake fara ci. Ko a filin hawa na lura samari sun koma gasar wa ya fi ƙara. Hawan Sallar Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, 'yan bindigarsa da shugabansu suke tafiya, da tsari.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Ba a ji an haɗa da maganar wanda zai koyar ba. Dokar makamai ta 1959 ta san da irin wannan bindiga, ta ɗora lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha, amma takarda ba ta koya wa mutum awo.

Kada kuma mu yaudari yaranmu. A nan Kwatarkwashi, cikin 1903, dakarun Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu sun fi na Turawa yawa nesa ba kusa ba, jarumta kuwa ba su rasa ba, amma bindigar da ake ɗurawa da sauri ta rinjaye su, Wazirin ya faɗi a wurin. Mai harba-ka-ruga harbi ɗaya gare shi, sai ya tsaya ɗuri, shi kuwa mai AK-47 harsashi 30 ne a jigidarsa. Tare ɓarayin daji aikin soja ne da 'yan sanda da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024.

Kirana ga hakimai da dagatan Wanke, Tsafe da Bungudu: ku kira Sarkin Baka da Sarkin Maƙera na kowane gari. Duk mai bindigar toka a san da shi, maƙeri ya duba bututunta, tsohon maharbi ya zaunar da shi ya koya masa awo da wanki da ajiya. Dattawan da suka san abin suna nan da ransu, a neme su tun yanzu.