Maigret a telebijin: aikin shiru

Littattafai 75 Georges Simenon, ɗan ƙasar Beljik, ya rubuta game da Maigret, kwamishinan ƴan sanda a birnin Pari. A telebijin ɗin Faransa, Jean Richard ya fito a matsayinsa daga 1967 zuwa 1990, Bruno Cremer kuma daga 1991 zuwa 2005.

Mai da waɗannan littattafai wasa abu ne mai wuya, domin Maigret ba mai guje-guje ba ne. Zama yake yi, lofe a baka, yana saurare har mai laifi ya gaji da ƙaryarsa. Rubutu yana iya faɗin abin da ke zuciyarsa. Hoto kuwa sai dai ya nuna shi da shiru. A ganinmu nan ne Cremer ya fi Richard: in ya yi shiru, mai kallo ma sai ya tsargu.